Shekarar da Muka Jira Tarwaɗa

Ina zaune a bakin ƙofa ina tsince shinkafa wayata ta yi ƙara. Iliya ne, ɗan wan mijina. Bai tsaya gaisuwa kamar yadda ya saba ba. Ya ce, "Mama Rahila, kina gida?" Na ce ina gida. Ya ce, "Mama ta tafi. Yanzun nan, a asibiti."

Na ce masa to, ina zuwa. Na ajiye wayar a kan tabarma, na ci gaba da tsince shinkafar har na gama, don ban san abin da zan yi da hannuna ba.

Saratu ke nan, facalata, matar wan mijina. Yaya nake ce mata tun ranar da aka kai ni gidan.

A cikin keke napep, muna hanyar asibiti, gumi ya jiƙe wa direban riga. Bana ruwa ya makara a Keffi. Hadari yakan haɗu da yamma, ya yi baƙi ƙirin, iska ta zo ta watsa shi, mu kwana cikin zufa. Direban ya ce, "Mama, tun da aka haife ni ban ga bazara irin wannan ba." Ni na taɓa ganin irinta, kuma da Yaya muka gan ta.

A Sabon Gari aka haife ni. Babanmu tela ne, kuma abin da na sani game da kifi bai wuce wanda ake ɗaukowa a faranti, busasshe, an lanƙwasa shi an soke da tsinke. Da na yi aure aka kai ni ƙauyen su mijina, can bayan gari, a gefen wani rafi. Ba a daɗe da ba mu jihar Nasarawa ba a lokacin. Abuja kuwa tana ta cin samari. Mijina da wansa duk sun tafi aikin gini, sai su yi watanni ba mu gan su ba. Aka bar mu a gida: Baba, wato surukinmu, wanda ƙafa ta riga ta hana shi noma sosai, da Yaya da 'ya'yanta, da ni da goyon fari a baya.

Damina ta yaudare mu a shekarar. Aka yi ruwa guda mai kyau, kowa ya fita ya shuka masara. Ta fito, ta kai tsawon yatsa, sai sama ta rufe. Muna kallo ganyen ya naɗe kamar tsinke, ya koma ruwan toka. Aka sake yayyafi, muka sake shukawa da sauran irin da ya rage, ita ma rana ta ƙone ta. Daga nan babu masara a gidan, ko ta ci ko ta shuka.

Zafin ba ya jiran rana ta take. Tun da safe ƙasa take gasa tafin ƙafa. Kaji suna yawo baki buɗe, fiffike a sake. Rijiyar gida ta koma laka, sai mun je gindin rafi mun tona yashi mu jira ruwa ya tsattsafo, mu ɗiba da ludayi. Da safe mu dama garin ɗorawa mu ba yara. Da rana mangwaro, har bakinsu ya yi ƙuraje. Da yamma a tuƙa tuwon garin rogo ɗan kaɗan, da miyar zogale wadda ba ta san mai ba. Nonona ya fara ja baya. Yarinyar takan kama ta saki, ta kama ta saki, sannan ta sa kuka marar ƙarfi.

Abu ɗaya ya rage a rumbu: dami biyu na jar dawa, zangarniya zaɓaɓɓu, waɗanda Baba ya ware tun kaka don iri. Dawar gidan ce, daga hannun mahaifinsa ta fito. In aka ci ta, ko ruwa ya sauka ba mu da abin sa wa ƙasa, kuma a shekarar babu maƙwabcin da ke da rarar da zai ba wani. Kowa a gidan ya san haka. Kowa kuma ya san hanyar rumbun.

Wata safiya Yaya ta miƙo mini ƙwarya da tsohuwar fartanya. Ta ce, "'Yar Sabon Gari, ɗaura zaninki sama. Yau za ki ga inda kifi yake kafin ya hau faranti."

Rafin ya daina gudu, ya tsinke ya zama gurbi-gurbi, kowanne da koren ruwa mai wari. Matan ƙauyen suna da yadda suke yi. A zaɓi gurbi ɗaya, a tare shi da laka, a jeru a kwarfe ruwan da ƙore ana waƙa, har sai ya rage iya idon sawu. Daga nan sai a sunkuya a shiga lalube da hannu. Kafin mu gama kwarfa bayana ya riƙe, amma ban manta lokacin da ruwan ya ja ba. Lakar da na ɗauka matacciya ce sai ta fara motsi. Ko'ina baƙaƙen bayan kifi suna juyawa, suna ɓulɓulo kumfa. Na tsaya riƙe da ƙwarya ina kallo. Ga gari ya bushe har akuya ba ta samun abin tsinka, ga rai cunkus a ƙarƙashin ƙafata.

Yaya ta ce, "Kallo kika zo yi? Sa hannu."

Na sa. Abin da na fara damƙa ya yi gurnani a tafina, gurr gurr, kamar tsoho yana mita. Kafin in saki, ƙaya ta shige mini yatsa. Na yi ihu. Mata suka bushe da dariya.

"Kurungu ya gaishe ki," in ji Yaya. Ta kama yatsan ta matse jinin, ta tsotse ta tofar. Sannan ta ɗago kifin ta nuna mini. Gajere ne, mai ɗige-ɗige, wutsiyarsa a rabe biyu kamar almakashi. Ƙaya ɗaya a baya, ɗaya kowane gefe, duk ya miƙe su ya kulle. Ta ce, "Gwada lanƙwasa ta." Na gwada, ta ƙi. "Ko tsuntsu ya haɗiye shi sai ya yi nadama. Kukan da kika ji, ba da baki yake yi ba, ƙayar ce yake gogawa a gindinta. Ta kai ake kama shi, ki sa yatsu a bayan ƙayoyin. Kuma in kin ga wani yana iyo ciki a sama, kada ki ce ya mutu. Haka wasunsu suke kiwo."

Ba a jima ba wata mata ta zabura ta faɗi zaune a laka tana kiran sunan Yesu. Kowa ya ja da baya. Yaya ta sa ƙwarya ta kwaso abin. Wani kifi ne mai taushi, kumburarre kamar an hura shi, ido ƙanana, bayansa sumul babu ƙaya. Ta ce, "Wannan ita ce minjirya. Ba ta cizo, ba ta suka. Taɓa ta kawai." Na ce na yafe. Ta ce, "Da ɗan yatsa, matsoraciya." Na taɓa. Wani abu ya bi hannuna har kafaɗa, irin na ranar da na taɓa wayar rediyon babanmu da jiƙaƙƙen hannu. Ƙauyen ko turken lantarki babu, amma ga shi Allah ya ajiye wuta a cikin tsokar kifi, a cikin ruwa. Har muka koma gida ina duba yatsan.

Amma tarwaɗa ce ta riƙe mu. Ita ce mafi yawa, ita ce kuma ba ta mutuwa da wuri. Yaya ta koya mini ita kamar yadda ake koya wa yaro dangi. Ba ta da ɓawo, sai santsi. Kanta faffaɗa ne, mai tauri kamar an daɓe shi. Gashin bakinta takwas, da su take gani a inda ido ba ya aiki. Fiffiken bayanta ɗaya ne dogo, tun daga bayan kai har kusa da wutsiya, wutsiyar kuma a zagaye take.

Ranar da na kamo wani babba na ɗaga ina murna na ce ga uwar tarwaɗa, sai ta ce, "Sake dubawa. Bi bayansa da yatsa." Na bi. A tsakiya fiffiken ya yanke, sauran ya zama tsoka zalla mai kauri. "Ramboshi ne. Ɗan'uwanta ne, amma shi ɗan babban ruwa ne. Ambaliyar bara ce ta kawo shi, hanya ta rufe masa." Ta nuna mini ragon ruwa ma, mai haske da rababbiyar wutsiya, wanda kafin mu kai gida ya riga ya sandare. Tarwaɗa kuwa sai ta wuni a kwando ƙarƙashin jiƙaƙƙen ganye, a zo yanka tana bugun hannu.

Na tambaye ta dalili. Da yamma da muke gyara, ta fasa kan wata ta buɗe mini. A saman jajayen nan da kowane kifi ke da su a gefen kai, akwai wani abu ja mai rassa, kamar ƙaramar bishiya. Ta ce, "Da wannan take shan iska irin tamu. Shi ya sa kike ganin tana leƙowa sama tana haɗiya. Ruwa ya ruɓe, sauran kifi su mutu, ita tana nan. Amma kada ki haɗa ta da gaiwa. Gaiwa tana iya kwana cikin busasshiyar ƙasa har shekara ta juyo. Wannan in fatarta ta bushe, ta tafi. Laima take nema, ko yaya take."

Na daɗe ina juya kan kifin a hannuna. Bishiya a cikin kai. Ban taɓa jin wani ya faɗa a makaranta ko a coci ba, ga shi kuma tana nan tun fil azal, a cikin rafin bayan gida.

Haka muka yi makonni. Mu fita da sassafe, mu dawo rana tsaka da laka har gashin kai. Mu dafa rabi da gishiri da barkono, mu ƙyafe rabi a kan wuta. Romon ya dawo mini da nono. Yara suka fara wasa a tsakar gida. Sai dai gurabun suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, mata kuma suna ƙaruwa, har daga ƙauyukan da ke gaba. Muka koma kamo 'yan ƙanana kamar yatsa. Daga baya muka koma dawowa da kwando wayam.

Saura gurbi ɗaya, mai zurfi, a ƙarƙashin wani dutse inda inuwa ba ta barinsa. Wannan ba a kwarfe shi. Tun kakanni haka aka tarar: nan kifin rafin yake fakewa ya jira damina, daga nan yake sake cika ko'ina. Ba wanda ya tsare shi da sanda. Mata sukan wuce ta gefensa da kwandon da babu komai, su kau da kai.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci, ƙaramin ɗan Yaya ya kwanta a gindin turmi ya ƙi tashi. Ba zazzaɓi ba ne. Baba ya daɗe yana kallonsa daga inda yake zaune. Sannan ya ce, "Saratu, hau rumbu ki sauko da dami ɗaya. A sussuka."

Ta durƙusa. Ta ce, "Baba, iri ne."

"Na san iri ne. Ni na ɗaure shi. Zan zauna ina gadin dawa jikana yana kwance? In an ci ɗaya a ci ɗayan ma, Allah yana nan."

Ni a raina na goyi bayan Baba. Ina jin ƙamshin kunun tun ba a sauko da damin ba.

Yaya ta ce, "Baba, ka ba ni zuwa la'asar." Ta ɗauki kwano ta fita. Da ta dawo zaninta a jiƙe yake har ƙirji, a cikin kwanon kuma ga wata tarwaɗa mai kaurin damtse, da ruwa kaɗan. Daga gurbin dutse ta kamo ta. Baba ya ɓata fuska, ya ce, "Ke kuma? Can kika shiga?"

"Aro na yi, Baba. Zan mayar."

Ta juya kifin ciki sama a kan cinyarta. Cikin ya kumbura, ya yi laushi, mafitar ta yi ja ta taso. Ta ce mini, "Duba nan. Namiji yana da ɗan tsiro mai tsini a wurin. Wannan mace ce." Ta shafa cikin a hankali da babban yatsa. Sai ga ƙwai ya fito, ƙanana kamar ƙwayar riɗi, masu ruwan kore-kore, suna ƙyalli a kan farcenta. Ta miƙa wa Baba yatsan kusa da idonsa.

"Ya nuna, Baba. Duk matan da ke cikin gurbin haka suke. Sun daina kwanciya a ƙasa, sai zagaye suke yi suna leƙen baki. Ruwa suke jira."

Baba ya duba ƙwan, ya duba yaron. Ya ce, "To a dafa masa wannan ɗin."

"In na dafa ta, gobe kowace mace za ta shiga da kwando."

Kifin yana ta buɗe baki yana haɗiyar iska a kan cinyarta. Can Baba ya juyar da kai wajen bango, ya ce, "Mayar da ita." Bai sake zancen rumbu ba. A daren Yaya ta ba yaron nata rabon tuwon, ta ce ita ta ci mangwaro a hanya.

Ruwa bai zo washegari ba. Bai zo a makon ba. Kwanakin nan su ne mafi nauyi da na sani. Baba ya daina fitowa inuwa. Yaya ta rame har wuyanta ya yi rami, kullum tana daji tana neman ɗanyen ganye da 'ya'yan kaɗanya da suka fara faɗuwa.

Ranar da ruwan ya zo, da la'asar ne. Iska ta tsaya cik, har kukan tsuntsu babu. Sai wani sanyi ya bugo daga gabas mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kafin mu kwashe shanya ya sauko kamar ana juye randa. Yara suka fita tsirara suna tsalle. Aka kwana ana yi.

Da gari ya waye ana sauran yayyafi, Yaya ta leƙo ɗakina ta ce, "Goya yarinyar ki zo." Muka gangara. Rafin da ya yi watanni shiru yana ruri, jan ruwa ya haura gaɓa ya malala cikin ciyawar fadama. Mutanen ƙauye sun riga mu, sun tsaya a jere a kan tudu.

Da farko na ɗauka iska ce ke kaɗa ciyawar. Sai na ga bayansu. Tarwaɗa ce, ba a iya ƙirgawa, suna fitowa daga rafi suna haurawa fadama a ruwan da bai rufe idon sawu ba. Inda ruwan ya yanke ba su tsaya ba. Sai su kafa ƙayar gefe a ƙasa, su murɗa jiki, su kafa ɗayar, suna jan ciki a kan laka kamar mai rarrafe da gwiwar hannu. Kifi yana tafiya a tudu. Wata ta bi ta kan ƙafata, na ji sanyinta da nauyinta, gashin bakinta ya shafi yatsuna, ta wuce abinta. A cikin ciyawa kuma sai fantsama kake ji ko'ina. Namiji ya naɗe jikinsa a kan macen kamar ƙawanya, su yi tsit, sannan ta kaɗa wutsiya ta watsa ƙwan.

Duk wanda ke tsaye a wurin yunwa yake ji. Wasu da adda a hannu, wasu da kwando. Amma a ƙauyen ba a kama mai hawa, sai mai saukowa. Wani saurayi ya ɗaga adda, wata tsohuwa ta ce, "Kai, bari ta sauke kayanta tukuna." Ya sauke hannu. Muka tsaya cikin yayyafi, abinci yana wucewa ta tsakanin ƙafafunmu, muna kallo. Na waiwaya na ga Baba ya iso da sandarsa, ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

Da rana ta ɗaga suka fara juyowa, cikinsu ya saɓe. A nan aka kama, kowa ya cika kwando, wasu da yawa kuma suka koma rafi. Yaya ta tsinko ganyen ciyawa ta nuna mini ƙwan manne a jiki. Ta ce, "Shi ke nan, uwar ba za ta waiwaye su ba. Jibi in kin zo za ki ga suna motsi kamar gashi. Manyansu ma za su ci ƙanana. Wanda ya tsira shi ne na baɗi."

Da ƙasa ta sha sosai muka sauko da dami biyun, cif yadda Baba ya ɗaure su. Shi da kansa ya zauna ya murje zangarniyar a faifai. Ni da Yaya muka shuka, tana sara ina zubawa ina takewa. A cikin shukar na tambaye ta, "Yaya, da gaske kin san ruwa zai zo?"

Ta ce, "Ina fa na sani. Ni Allah ce? Na dai ga tarwaɗar nan tana cikin ruɓaɓɓen ruwa ta riƙe ƙwanta ba ta zubar ba. Na ce mu ma mu ƙara kwana." Sannan ta ce, "Kina zuba da yawa, rage hannu."

Dawar ta yi. Baba ya ci tuwonta shekara biyu kafin ya rasu.

Yanzu gari ya cimma ƙauyen. Inda muka tsaya a kan tudu gidajen haya ne na ma'aikatan da ke sammakon zuwa Abuja. Motocin yashi sun cinye gaɓar rafin, gurbin dutse ya cike. Tarwaɗa kuwa ta fi da yawa a Keffi, a cikin manyan robobi a bayan gidaje, ana watsa mata abinci daga buhu. Nakan saya. In na ɗaga ta, hannuna da kansa yake bin bayanta ya duba ko fiffiken ya yanke. Mai sayarwa ya taɓa ce mini, "Mama, duk kifi ne." Na ce haka ne, ɗana.

Yaya ba ta bar ƙauyen ba. 'Ya'yanta sun sayar da yawancin gonar, ta hana su wani ɗan yanki a bayan ɗakinta, kuma kowace shekara jar dawar nan take shukawa a ciki, ta ware iri tun kaka.

Bayan an yi jana'iza, mutane sun ragu, na shiga ɗakin girkinta neman tsintsiya. Zangarniyar tana rataye a saman murhu, hayaƙi ya baƙanta ta. Na fita ta baya. Ta share rabin gonar ta tara ciyawar, fartanyarta tana jingine a inda ta tsaya. Iliya ya biyo ni, ya ce akwai mai son filin, amma ba za su yi komai ba sai sun ji ta bakina. Na ce masa ya bari a yi ruwa tukuna.

Har yau ba a yi ba. Irin yana rataye, rabin gonar kuma ba a share ba.